Hoto a Tsakiyar Layi: Yadda Ake Tsayawa Ba a Tsayar da Jama'a Ba

A dandalin wasanni na Disney's Hollywood Studios, kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, akwai wani wasa da aka buɗe ranar 5 ga Disamba 2019 mai suna Star Wars: Rise of the Resistance. Bayan mutum ya sha jira, sai a shigar da shi wani ɗaki mai siffar jirgin 'yan sama jannati. Can ƙofa ta buɗe, ya tsinci kansa a wani makeken zaure, ga gumakan sojojin fim ɗin Star Wars guda 50 cikin fararen sulke sun jeru sahu-sahu, bayansu wata ƙatuwar taga tana nuna sararin samaniya. Kusan duk wanda ya iso nan, hannunsa aljihu yake nufa ya zaro waya. Ma'aikatan wurin, waɗanda ke sanye da kayan hafsoshin abokan gaba na cikin fim ɗin, sukan bar mutane su ɗauki hotonsu na ɗan lokaci, sannan su kora su gaba da muryar umarni, domin wani rukunin yana nan tafe a baya.

A wannan zauren akwai mai tsawatarwa, shi ya sa ba a cika samun saɓani ba. Rigimar tana tashi ne a sauran sassan layin, inda babu ma'aikaci a kusa. Iyali sun ga wani abin sha'awa sun ja birki, uba ya ja da baya yana saita waya, uwa tana gyara wa yara tsayuwa, na gabansu sun yi nisa har sun sha kwana, na bayansu sun fara tsaki. Shin na baya yana da ikon wucewa? Idan ya wuce, ya tsallake layi ke nan? Shi kuma mai hoton, har tsawon wane lokaci ne jama'a za su jira shi? Babu wani allo a bakin ƙofa da ya amsa waɗannan tambayoyi dalla-dalla, amma akwai ƙa'idar da masu yawan zuwa irin waɗannan wurare suka saba bi, kuma tana da dalilai masu ƙarfi.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, mai tsayawa ɗaukar hoto ba shi kaɗai ne ya jawo wa kansa ba. An gina layin ne domin ya ja hankalinsa. Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli 1955, layukan galibi igiya ce da ƙarafa, ana zagaye ana dawowa kamar maciji. Daga baya masu tsara wuraren suka gane cewa wanda aka bai wa abin kallo ba ya jin tsawon jira kamar wanda aka bari yana kallon ƙeyar na gabansa. David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya rubuta wannan a maƙalarsa ta 1985 kan halayyar masu jira a layi. Ya kuma ƙara da wani batu da ya shafi maganarmu kai tsaye, cewa jiran da mutum yake ganin an zalunce shi a cikinsa ya fi yi masa tsawo a kan jiran da aka yi adalci.

Daga nan layi ya koma wani ɓangare na wasan kansa. Indiana Jones Adventure, da aka buɗe a Disneyland a 1995, layinsa ya ratsa cikin wani tsohon gidan bauta na ƙirƙira, da koguna da ramuka da baƙin rubutu a bango, har a farkon shekarunsa akan raba wa baƙi ɗan kati na warware rubutun. Expedition Everest na dandalin Animal Kingdom, wanda aka buɗe a 2006, layinsa ya bi ta cikin wani ɗan gidan tarihi da aka cika da kayan da aka kwaso daga Nepal da maƙwabtanta. A 2010 kamfanin Universal ya buɗe Harry Potter and the Forbidden Journey, inda masu jira ke ratsa fadar Hogwarts, su wuce hotunan bango masu magana da juna, su shiga ofishin Dumbledore. A Avatar Flight of Passage na 2017 kuma, ana ratsa wani ɗakin gwaje-gwaje inda wata shuɗiyar halitta mai tsayin gaske ke kwance cikin tankin ruwa tana ɗan motsa hannu. Mutumin da ya biya kuɗin jirgi da na otal da na shiga, ya tsaya awa biyu kafin ya iso gaban wannan tankin, ba wanda zai ce masa kada ya ɗaga waya.

Can baya, kamfanin Kodak ne ke kafa ƙananan alluna a wuraren da hoto ya fi kyau a dandalan Disney, kuma an yi shekaru da dama ana haka har zuwa 2012. Allunan suna gefen hanya, inda tsayuwar mutum ba ta tare kowa. A lokacin fim ɗin kyamara hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane ɗaya da lissafi ake danna shi. Yau kowa na da kyamara a aljihu wadda ba ta ƙarewa, kuma dandalin Magic Kingdom na Disney kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2023, wato kusan mutum dubu 48 a kowace rana.

To, giɓin da mai hoto ya bari a gabansa yana ƙara wa na baya jira? Amsar za ta ba mutane da yawa mamaki: a mafi yawan tsawon layin, ba ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya. Lamarin kamar layin jarkoki ne a bakin famfon unguwa. Abin da ke yanke lokacin da jarka ta goma za ta cika shi ne ƙarfin zubar ruwan, ba kusancin jarkokin da juna ba. Ko an jera su manne da juna, ko an bar taku biyar tsakaninsu, muddin bakin famfon bai taɓa zama babu jarka a ƙarƙashinsa ba, kowa a lokacinsa zai samu. Haka lilo, wato wasan da ake hawa, yake. Yana da adadin mutanen da yake iya ɗauka a awa, kuma lokacin jiran mutum shi ne yawan mutanen da ke gabansa a raba da wannan adadin. Masana lissafin layi suna danganta wannan ƙa'ida da John Little, wanda ya tabbatar da ita a 1961. Idan iyali suka tsaya daƙiƙa talatin a tsakiyar layin awa guda, sannan suka ɗaga ƙafa suka cim ma na gaba, yawan mutanen da ke gaban kowa bai canza ba.

Wannan ya kamata ya sanyaya zuciyar na baya. Amma kada mai hoto ya ɗauke shi a matsayin lasisi, domin akwai wuraren da famfon kan zuba a ƙasa.

Mafi muhimmanci shi ne bakin hawa, wato taku na ƙarshe inda ma'aikaci ke tambayar mutum nawa ne a tare, yana tura su lamba kaza da lamba kaza. A ɗauka lilo yana ɗaukar mutum 1,800 a awa. Wannan mutum 30 ke nan a minti, ko mutum ɗaya a kowace daƙiƙa biyu. Idan wasu suka toshe hanya a nan na minti ɗaya, ko dai motar ta tashi da kujeru babu kowa, ko a riƙe ta ta makara, kuma kujerar da ta tafi fanko ba ta dawowa. Wannan asarar tana kan kowa da kowa har zuwa mutumin ƙarshe da ke tsaye a rana. Wasu wasannin ma, irin su Haunted Mansion, motocinsu ba sa tsayawa, suna tafiya ne a jere a kan sarƙa ɗaya, mutane na hawa daga kan shimfiɗa mai motsi. Wanda ya tsaya saita waya a nan, motoci ne ke wucewa a gabansa babu kowa a ciki.

Sai kuma mahaɗa, inda layin kowa-da-kowa ke haɗuwa da layin gaggawa. Disney ya fara tsarin FastPass a 1999, ya maye gurbinsa da Lightning Lane na biyan kuɗi a 2021, Universal kuma yana da nasa mai suna Express. A mahaɗar akwai ma'aikaci da ke sakin mutane daga wannan ɓangaren, ya tsayar, ya saki na wancan. Idan ya waiwayo layin kowa-da-kowa ya tarar babu kowa a bakin igiya saboda wasu sun tsaya hoto can baya, ba zai zauna jiransu ba, zai ci gaba da sakin 'yan layin gaggawa. Duk wanda ya shige ta haka ya shiga gaban dukkan mutanen da ke bayan masu hoton. A nan giɓi yana da tsada ƙwarai, kuma waɗanda suka fi daɗewa a tsaye ne ke biya.

Ɗakunan share fage ma haka suke, inda ake tara rukuni a rufe ƙofa a nuna musu ɗan bayani kafin hawa. Ƙofa tana rufewa a kan lokaci. Wanda ya tsaya a bakinta yana hoto, ya bar ɗakin bai cika ba, ya sa na bayansa sun rasa wannan zagayen.

Akwai wata ƙaramar illa a ɗaya ƙarshen. Giɓi a tsakiya yana tura wutsiyar layin waje, inda babu inuwa kuma babu na'urar sanyaya ɗaki. A Florida cikin watan Yuli, da zafi da gumi, bambancin tsayuwa a cikin gini da tsayuwa a kan kwalta ba ƙarami ba ne ga tsoho ko mai goyo.

Duk abin da ake buƙata daga mai hoto ya taso ne daga wannan lissafin. Da farko ya shirya tun kafin ya iso. Layukan nan zagaye suke yi, yawanci ana hango abin sha'awar tun daga nesa. Tun a lokacin ne ake buɗe kyamara, a goge gilashinta, a kashe filasha, a gaya wa yara inda za su tsaya da wanda zai riƙe wa. Abin da ke cinye lokaci ba danna hoton ba ne. Laluben waya ne a cikin jaka, da neman ɗan autan da ya maƙale a baya, da gardamar wa zai tsaya a tsakiya.

Sannan ya lura da numfashin layin. Layi ba ya tafiya a miƙe kamar ruwa, yana motsawa ne ya tsaya, ya motsa ya tsaya, daidai da tashin motoci ko buɗewar ƙofofi a can gaba. Mai dabara yana ɗaukar hotonsa ne a lokacin da layin ya tsaya da kansa, lokacin da ba wanda ke jiran kowa. Idan tsayuwar ta zo masa nesa da abin da yake so, zai iya ɗauka yana tafiya a hankali, ya danna sau uku ko huɗu a jere. Duba hoton, da zaɓen wanda ya fi kyau, da tura wa 'yan uwa a WhatsApp, duk sai an ci gaba da tafiya. Babu abin da ke tayar da haushin na baya kamar su ga an gama ɗauka, amma an tsaya an haɗa kai a kan waya ana duba ko idon wani a rufe yake.

Idan hoton na daƙiƙa biyar zuwa goma ne, babu buƙatar wani dogon bayani. A ɗaga hannu ga na baya, a yi murmushi, a ɗauka, a ce an gode, a ɗaga ƙafa a rufe giɓin. Idan kuwa zai wuce haka, ko ana son kowane yaro ya samu nasa shi kaɗai, ko ana son jin jawabin Dumbledore daga farko har ƙarshe, to hanya ɗaya ce: a raɓe gefe, a juyo a ce wa na baya, "Bismillah, ku wuce, mu za mu ɗan tsaya." Furta wannan magana yana da muhimmanci, domin yawancin mutane ba za su wuce ba sai an ba su izini, suna tsoron kada a ce sun tsallake layi. Wanda ya raɓe ya yi shiru ya bar su cikin ruɗu, su ba su wuce ba, shi bai tafi ba.

A nan ne kuma mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi haddasa cacar baki. Wanda ya ce a wuce shi ya sayar da gurbinsa ke nan. Idan ya gama, a inda yake tsaye zai koma cikin layi, bayan ya nemi wanda ke daidai wurin ya ba shi hanya. Ba zai kutsa yana "gafara dai, gafara dai" har ya cim ma mutanen da ke gabansa tun farko ba. Asarar ba ta da yawa. Idan mutum 20 suka wuce shi a lilon da ke ɗaukar 30 a minti, ko minti ɗaya bai rasa ba.

Haka nan dabarar barin mutum ɗaya ya ci gaba da tafiya yana riƙe wa sauran wuri, su kuma su tsaya hoto sannan su biyo shi su shida, ba ta da kyau, kuma a wasu wuraren laifi ce. Dandalin Cedar Point da ke jihar Ohio da dandalan Six Flags sun rubuta a dokokinsu cewa tsallaken layi na iya sa a fitar da mutum ba tare da an mayar masa da kuɗinsa ba, kuma sun lissafa riƙe wa wani wuri a cikin tsallaken. Uwar da ta fita da ƙaramin yaro bayan gida ta dawo, jama'a kan yi mata uzuri, kuma mafi kyau ta sanar da ma'aikaci kafin ta fita. Gungun samarin da suka tsaya ɗaukar bidiyo ba za su samu wannan uzurin ba. Iyali su tsaya tare, su wuce tare.

Roƙon baƙo ya ɗauki hoto abu ne da aka saba, kuma mutane kan yi da farin ciki. Sai dai a roƙi na baya, ba na gaba ba, domin na gaba zai rasa tafiyarsa. A miƙa masa wayar a buɗe, a shirye, a karɓi abin da ya ɗauka ko da bai yi yadda ake so ba, sannan a tambaye shi ko shi ma yana son a ɗaukar masa. Wannan 'yar musayar takan mayar da mai tsaki abokin hira na sauran jiran.

Matattakala, da lunguna masu ƙunci, da bakin ƙofa, ba wurin tsayawa ba ne ko na daƙiƙa biyar. A wuri mai duhu, wanda ya ja birki ba zato na baya zai yi karo da shi, kuma mai keken guragu ba ya iya kauce wa mutum yadda mai tafiya da ƙafa zai yi. Tsallaka igiya ko hawa kan kayan ado domin samun kusurwa mai kyau kuwa, wannan ya wuce rashin ladabi, ya zama karya doka.

Filasha tana da nata hukuncin. A wasannin cikin duhu irin su Haunted Mansion da Pirates of the Caribbean ana sanarwa a fili cewa kada a kunna ta. Dabarun da ke sa fatalwa ta bayyana a zauren rawa na Haunted Mansion sun dogara ne da gilashi da haske da aka auna, walƙiya ɗaya ta isa ta tona asirin komai ta kuma kashe wa mutane ido. Hoton ma ba ya fitowa. Sandar ɗauki-kanka kuma Disney ya haramta ta a dandalansa na Amurka daga 30 ga Yuni 2015, na Faris da Hong Kong suka biyo baya washegari. Kwanaki kaɗan kafin nan sai da aka tsayar da lilon California Screamin' mutane na kai, saboda wani fasinja ya zaro sandarsa ana cikin tafiya. Wanda ya zo da ita, a bakin ƙofar bincike za a tare shi.

Wasu lilon ma ba a hawa da waya sam. A Jurassic World VelociCoaster, wanda Universal ya buɗe a Orlando ranar 10 ga Yuni 2021, akwai akwatunan ajiya a cikin layin, bayansu kuma na'urar gano ƙarfe. Duk hoton da za a ɗauka, kafin akwatunan ne. Wanda ya ɓoye waya a aljihu na'ura za ta kama shi, a mayar da shi baya, ya ɓata lokacinsa da na wasu.

Shi kuma na baya, me ke kansa? Haƙurin 'yan daƙiƙu tukuna. Wanda ke gabansa mai yiwuwa wannan ne zuwansa na farko, mai yiwuwa kuma na ƙarshe, bayan tarin kuɗi na shekaru. Wanda ya ga tankin nan na Avatar sau goma bai kamata ya auna kowa da kansa ba. Idan tsayuwar ta fara tsawo, magana ce mafita, ba tsaki ko ture kafaɗa ba: "Don Allah, mu wuce ne ko mu jira ku?" Tambayar ta bar wa mai hoton zaɓi, ta kuma tuna masa cewa akwai mutane a bayansa. Sau da yawa zai ce a wuce, ko ya yi sauri ya gama.

Wucewa shiru ba tare da an tambaya ba ita ce ke kunna wuta, kuma akwai binciken da ya nuna dalili. A 1986 aka wallafa sakamakon gwajin da masanin halayyar ɗan'adam Stanley Milgram da ɗalibansa suka yi a layuka 129 a birnin New York, a tashoshin jirgin ƙasa da wasu wurare, inda mutumin nasu zai zo ya kutsa tsakiyar layi. Idan mutum ɗaya ne ya kutsa, an nuna rashin yarda a kashi 54 cikin ɗari na lokutan. Idan su biyu ne, abin ya haura kashi 90. Wannan ya nuna yadda mutane ke jin zafin a sha gabansu, kuma zafin yana ƙaruwa da yawan masu wucewar. Mai hoton da ya sauke waya ya ga mutum takwas sun shige shi babu ko sallama, a ransa kutse aka yi masa, ko da shi ne ya bar giɓin. Kalma ɗaya kafin a wuce ta isa ta kashe wannan.

Idan an yi magana mutum ya ƙi gusawa ya kuma ƙi bari a wuce, ba aikin baƙo ba ne ya tilasta masa. A sanar da ma'aikaci na gaba da aka tarar. Dandalan nan ba sa wasa da faɗa, kuma dambe a layi kan sa a kori ɓangarorin biyu, wani lokaci a hana su dawowa.

Layin ganawa da Mickey Mouse ko gimbiyoyin fina-finai daban yake, tunda shi hoton ne abin da aka zo yi. A nan ba a gaggauta yaron da ke rungume da gwarzonsa. Amma iyaye su iso da kyamara a buɗe, littafin sa hannu a buɗe a shafin da ake so, alƙalami a cire masa murfi. Galibi akwai mai ɗaukar hoto na PhotoPass, tsarin da Disney ya fara a 2004, kuma ma'aikatan kan karɓi wayar baƙo su ɗaukar masa kyauta idan ya roƙa. Hoton kowa da kowa ɗaya, na yara ɗaya ko biyu, sai a ba na baya wuri.

Akwai batun da ake yawan mantawa, wato mutanen da ke faɗowa cikin hoton. Layi wuri ne da jama'a ke matse, ba su da inda za su kauce. Mai ɗaukar bidiyo kai tsaye zuwa TikTok ko Facebook yana juya waya ko'ina, yana watsa fuskokin 'ya'yan mutane da matansu ga duniya ba da saninsu ba. A karkata kyamara zuwa ga abin kallon da kuma iyalin kai. Masu zuwa Dubai da Abu Dhabi, inda Hausawa da dama ke kai iyalansu Ferrari World da Warner Bros. World da IMG Worlds of Adventure, su ƙara kula, domin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kuma yana iya kai mutum ga tara ko ɗauri.

Masu gina wuraren su ma sun fara gyara nasu ɓangaren. Lokacin da aka ƙara wa layin Haunted Mansion na Magic Kingdom kayan wasa a 2011, da farko hanya biyu aka yi, mai son taɓe-taɓe ya bi ta maƙabartar ƙirƙira, mai sauri ya miƙe. A Millennium Falcon: Smugglers Run na 2019, bayan an raba mutane rukuni na shida-shida, ana sakin su a cikin falon jirgin, inda teburin darar nan na fim ɗin Star Wars yake, su zauna su yi hoto har a kira rukuninsu. Tsayuwar ba ta tare kowa, tunda an riga an ƙirga su. Wannan shi ne tsari mafi adalci, kuma ya kamata duk mai gina sabon dandali, a Orlando ne ko a Abuja, ya ware irin wannan fili a duk inda ya san mutane za su so tsayawa.

Wanda hoto ne babban burinsa, lokaci ne abokinsa. A sa'ar ƙarshe kafin a rufe dandali, ko lokacin da jama'a suka tafi kallon fareti da wasan wuta, layuka kan ragu, mutum ya samu sararin tsayawa yana barin ɗaiɗaikun masu zuwa suna wucewa. Da sassafe kuwa, lokacin da aka buɗe ƙofa jama'a suka kwararo kan titin Main Street na Magic Kingdom suna sauri zuwa manyan lilo, tsakiyar titin ba wurin jera iyali ba ne a gaban fadar Cinderella. A koma gefen titi, ko a bari sai tururuwar ta lafa. Masu bin layin mutum ɗaya-ɗaya, wanda ake cike guraben da suka rage da shi, su sani cewa yakan bi ta bayan gida ya tsallake yawancin kayan kallon, don haka ba na mai son hoto ba ne.

Mai karatun da ke shirin kai iyali irin wannan wuri ya zauna da yaransa tun a masauki ya gaya musu yadda za a yi: hoto a lokacin da layi ya tsaya, raɓewa gefe idan zai daɗe, waya a aljihu daga mahaɗa har zuwa bakin hawa. In ya isa ƙofar kowane wasa, ya tambayi ma'aikacin da ke tsaye a wurin ko akwai inda aka ware domin hoto a ciki, da kuma ko ana hawa da waya.